Awon Madarar Kondens: Daga Kofi da Cokali Zuwa Giram, Tambayoyi da Amsoshi

Girke-girken kek, alawa da askirim da ke yawo a intanet ba bakinsu ɗaya ba wajen awo. Wannan ya ce kofi, wancan ya ce giram, wani kuma ya ce "gwangwani ɗaya" ya wuce abinsa. Kondens tana da nauyi, tana da danƙo, kuma kusan rabinta sukari ne, don haka kuskuren awonta ba ya ɓuya a girki. Ga tambayoyin da masu girki da masu sana'a suka fi yi a kanta.

Wace madara ake nufi a nan?

Madarar gwangwani mai kauri, mai zaƙi, wadda in an ɗaga cokali take saukowa a hankali tana jan zare. A jikin gwangwaninta za ki ga an rubuta Sweetened Condensed Milk, a Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da Faransanci kuma Lait Concentré Sucré. Ba ita ce madarar ruwa irin su Peak da Three Crowns ba, waɗanda ake rubuta musu Evaporated. Dukansu an ƙone musu wani kaso na ruwa a masana'anta, amma madarar ruwa ba a sa mata sukari, kuma nauyinsu ya sha bamban: kofin Amurka na madarar ruwa giram 252 ne, na kondens kuwa ya haura 300. Masu sayen kaya a Yamai, Maraɗi ko Damagaram su kula da kyau, domin kalma ɗaya ce ta raba su a jikin gwangwani: Sucré mai sukari, Non Sucré marar sukari.

Kofi ɗaya na kondens giram nawa ne?

Kowace mililita ɗaya ta kondens tana da nauyin kusan giram 1.3. Wannan ita ce lambar da za ki riƙe, sauran duk lissafi ne. Ki duba mililita nawa kofinki yake ci, ki ninka da 1.3.

Kofi mai mililita 240 zai ba ki giram 312. Mai mililita 250 zai ba ki 325. Ainihin kofin Amurka, mai mililita 237, giram 306 zuwa 308. Teburin abinci na Ma'aikatar Noma ta Amurka 306 ya rubuta, kuma daga can shafuka da yawa suka kwaso lambar. Idan kin ga wani wuri ya ce 306, wani 312, wani 320, ba wai ɗayansu ya yi ƙarya ba ne. Kofunansu ne suka bambanta, sannan kondens ɗin kamfanoni ma tana ɗan bambanta, daga 1.28 zuwa 1.32 ko kusa da haka, gwargwadon yawan sukari da maiƙon da ke cikinta.

Me ya sa ta fi madara nauyi haka?

Mililita ɗaya ta ruwa giram ɗaya ce cif. Ta ɗanyar madarar shanu giram 1.03, ta madarar ruwa ta gwangwani kusan 1.07. Wajen yin kondens ana cire kusan kashi 60 cikin 100 na ruwan madarar, a zuba sukari har ya kai kashi 40 zuwa 45 na nauyin abin da aka samu. Ruwan da ya rage a ciki bai wuce kashi 27 ba. Sukari idan ya narke yana ƙara nauyi sosai ba tare da ya ƙara cika daidai da nauyinsa ba, shi ya sa kofi ɗaya yake ɗaukar giram 70 fiye da na ruwa. Yawan sukarin nan ba don daɗi kaɗai aka sa shi ba. Shi ne yake hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ciki, abin da ya sa take daɗewa tun zamanin da babu firji, lokacin da wani ɗan Amurka mai suna Gail Borden ya yi rajistar fasahar ƙone ruwan madara a 1856.

Maiƙo ya fi ruwa sauƙin nauyi, saboda haka kondens da aka rage wa maiƙo ta ɗan fi cikakkiya nauyi. Bambancin bai kai a canza lissafi ba. Haka ma wadda aka haɗa da man itatuwa a madadin maiƙon madara, irin da ta cika kasuwa saboda araha: a lissafa ta da 1.3 ita ma.

Rabin kofi fa, da kwata, da sauransu?

Lambar farko ta kofi mai mililita 240 ce, ta biyu ta mai 250:

Kwatan kofi: giram 78 ko 81
Kashi ɗaya cikin uku: giram 104 ko 108
Rabin kofi: giram 156 ko 163
Kashi biyu cikin uku: giram 208 ko 217
Kashi uku cikin huɗu: giram 234 ko 244
Kofi ɗaya: giram 312 ko 325
Kofi ɗaya da rabi: giram 468 ko 488
Kofi biyu: giram 624 ko 650

Cokali fa?

Babban cokalin awo mililita 15 yake ci, wato giram 19 zuwa 20. Ƙaramin cokalin awo mililita 5, giram 6.5. Don sauƙi ki ɗauki babban cokali a giram 20. Girkin da ya fito daga Ostireliya ne kawai ya saɓa, domin babban cokalinsu mililita 20 ne, giram 26.

Amma fa wannan lissafin na cokalin awo ne da aka shafe bakinsa. Cokalin cin abinci da aka tsoma cikin gwangwani yana fitowa da tozo a sama, ga kuma wadda ta manne a bayansa tana ɗiga. Irin wannan ɗiba tana iya kai giram 25 ko 30 ba ki sani ba. A shayi ba komai. A kwaɓin da aka ce cokali shida kuwa, kin ƙara kusan cokali biyu ko uku ke nan.

Girkin ya ba da giram, ni kuma kofi nake da shi. Ya zan yi?

Ki juya lissafin: ki raba giram da 1.3, abin da ya fito shi ne mililita. Giram 100 mililita 77 ne, wato babban cokali biyar da ɗan ɗigo. Giram 150 mililita 115, saura kaɗan ya cika rabin kofi. Giram 200 mililita 154, kashi biyu cikin uku na kofi mai 240 a rage ƙaramin cokali ɗaya. Giram 250 mililita 192. Giram 300 mililita 231, kusan kofi guda. Rabin kilo mililita 385, kilo guda kuma 770.

Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne a ga giram 200 a cika jog ɗin awo zuwa layin 200. Wanda ya yi haka ya zuba giram 260, ya ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku a kan abin da aka ce.

Ta yaya zan san girman kofina?

Kofunan awo da ake sayarwa a kasuwa daga ƙasashe daban-daban suke zuwa. Ki duba mariƙin ko gindin, galibi an buga lambar a can: 236, 240 ko 250. Amurka tana amfani da 237, sai dai a takardar bayanin abinci da ke jikin kaya sukan mayar da shi 240. Ostireliya da Niyu Zilan 250. Japan 200. Tsofaffin littattafan girki na Ingila suna da kofi mai 284, kodayake girkin Ingila na yanzu kusan duk da giram yake zuwa. Ƙaramin kofin da ke zuwa da tukunyar dafa shinkafa ta lantarki mililita 180 ne kawai, kuma mutane da yawa suna awon kek da shi suna mamakin yadda abin ke fitowa. Kondens cikinsa giram 234 ce.

In babu rubutu, ki ɗora kofin a kan sikeli, ki mayar da shi sifili, ki cika shi da ruwa. Giram nawa ya nuna, mililitar kofin ke nan. In babu sikeli, sirinji mai mililita 20 daga kemis ya isa: ki ƙirga sau nawa kika zuba kafin ya cika. Ledar fiya wata mai 50cl ma tana ba da ƙiyasi, idan ta cika kofin sau biyu to yana kusa da 250, sai dai ba kowace leda ake cikawa daidai ba. Kofin shayi na gida kuwa, wani 200 ne wani ya haura 350, kada a yi awo da shi sai an gwada shi.

Girkin ya ce 14 oz. Na auna a jog, abin ya yi zaƙi fiye da kima. Me ya faru?

Oza iri biyu ce a awon Amurka. Akwai ozar nauyi, giram 28.35, akwai ozar ruwa, mililita 29.6, wadda ake rubutawa fl oz. Gwangwanin kondens na Amurka da aka rubuta wa 14 oz nauyi ake nufi, wato giram 397. Layin oz da ke jikin jog kuwa na ruwa ne. Idan kin cika jog zuwa 14, kin zuba mililita 414, wanda a kondens ya kai giram 538. Ƙarin giram 141 ke nan, fiye da kashi ɗaya cikin uku na gwangwani.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne, madarar ruwa a Amurka da ozar ruwa ake sayar da ita: gwangwanin 12 fl oz mililita 354 ne. Girki ɗaya, kamar kek ɗin nan na Latin Amurka da ake jiƙawa da madara iri uku, zai kawo gwangwanayen biyu a jere, ɗaya da nauyi ɗaya da cika. Duk inda kika ga oz a gaban kondens, ki ɗauka nauyi ne sai in an rubuta fl a gabansa.

"Gwangwani ɗaya" kuma nawa ake nufi?

Idan girkin na Amurka ne ko Ingila, giram 397. Na Birazil da Ostireliya 395. Wannan gwangwanin yana ɗauke da mililita 300 zuwa 305, wato kofi ɗaya da kwata. A kasuwanninmu kuwa za ki tarar da masu girma iri-iri, daga ƙanana har babba mai kilo guda, kuma kamfanoni sukan rage giram su bar gwangwanin da kamanninsa. Ki karanta inda aka rubuta Net Weight ko Poids Net. Wannan lambar nauyin madarar ce zalla, ban da ƙarfen.

In naki 380 ne girkin kuma na 397, gibin giram 17 ne, bai kai babban cokali ɗaya ba. A kek ko askirim ki manta da shi. In gibin ya kai giram 40 zuwa sama, ko dai ki cike daga wani gwangwanin, ko ki rage sauran kayan daidai da shi: ki raba abin da kike da shi da abin da aka nema, ki ninka kowane kayan haɗi da amsar. Misali 350 a raba da 397 ya ba da 0.88, bota giram 100 ta koma 88 ke nan. Babban gwangwani mai kilo guda yana daidai da na 397 biyu da rabi.

A gidanmu da gwangwanin madara muke awo. Kondens cikinsa giram nawa ce?

Ƙaramin gwangwanin madarar ruwa da ake awon gari da shinkafa da shi ba girmansa ɗaya ba, akwai mai giram 170, akwai 160, akwai 150. Lambar nan kuma nauyin madarar ruwan da ta zo a ciki ce, ba ta kondens ba. Ki raba ta da 1.07 ki samu mililita. Mai 170 yana da kusan mililita 160, kondens zuwa daidai inda madarar take tsayawa giram 207 ko 208. In an cika shi har baki zai haura haka, domin kamfani ba ya cika gwangwani fal. Girkin da wata ta ba ki da "gwangwani biyu na kondens", ki tambaye ta wanne take nufi, na awo ko wanda kondens ɗin ta zo a ciki. Tsakaninsu kusan ninki ne.

Yaya ake auna ta a sikeli ba tare da ɓarna ba?

Sikelin kicin na lantarki mai nuna giram ɗai-ɗai ake so. Sikelin kasuwa mai allura, wanda layukansa ke tsallen giram 50, ba zai yi wannan aikin ba.

Hanya ta farko: ki ɗora kwanon kwaɓin da kansa a kan sikeli, ki danna maɓallin Tare ko Zero ya koma sifili, ki tsiyaya kai tsaye. Ba kofin da zai ɓaci, ba abin da zai manne a hanya. Ki tsayar da zubawa saura giram 10 ya kai, saboda zaren da ke tsakanin gwangwani da kwano zai sauka ya cike. In ta wuce, kuma ta sauka kan gari ko ƙwai, kwashe ta da wuya, don haka ya fi kyau kondens ta zama farkon abin da zai shiga kwano.

Hanya ta biyu ta fi dacewa da ɗiba kaɗan, ko lokacin da tukunya ke kan wuta. Ki ɗora buɗaɗɗen gwangwanin a kan sikeli, ki mayar sifili, ki riƙa ɗiba kina zubawa. Sikelin zai nuna lamba da alamar ragi a gabanta. Idan ya nuna -120, giram 120 ta fita. Ki tabbata kin kankare cokalin a cikin tukunya, domin abin da ya manne masa an riga an ƙirga shi.

Abubuwan da ke sa sikeli ƙarya sanannu ne: batir ya yi sanyi, ko an ajiye shi kan tire mai lanƙwasa ko tabarma, ko kwanon ya yi faɗi har gefensa ya taɓa tebur, ko fanka na kaɗawa a kansa. Wasu kuma suna kashe kansu in an daɗe ana zuba kaɗan-kaɗan. Saboda haka ki rubuta nauyin kwanonki tun farko, in ya mutu a tsakiyar aiki sai ki kunna, ki auna duka, ki cire nauyin kwano. Gwajin sikeli kuwa, rabin litar ruwa ya nuna giram 500.

Sikelina yana da wurin ml. In yi amfani da shi?

A'a. Sikeli nauyi kawai yake ji. Wurin ml ɗin yana ɗauka cewa ruwa ne a kai, wasu kuma suna da na madara da ke lissafi da 1.03. In ya nuna miki ml 240 da kondens, ainihin abin da ke kai giram 240 ne ko kusa, wato mililita 185 kacal, kin rage kusan kwatan kofi. Ki bar shi a kan g, ki yi lissafin 1.3 da kanki. Shafukan lissafi na intanet ma haka: in ba ki zaɓi kondens ba kika bar shi a kan madara, amsar ɗanyar madara zai ba ki.

Ba ni da sikeli sam. Me zai rage min kuskure?

Matsalar kofi ita ce mannewa. Bayan an juye, babban cokali guda ko fiye yakan rage a bango da gindi, wato giram 20 zuwa sama. Ki ɗiga man gyaɗa kaɗan a kofin ki shafe ko'ina da yatsa kafin ki zuba, za ta zame ta fita kusan duka. Ki ajiye kofin a kan tebur, ki jira ta kwanta kafin ki duba layi, domin takan yi tudu a tsakiya na ɗan lokaci. Ki kankare da cokalin roba mai laushi. In girkin yana da ruwa ko madara, ki auna su a kofin bayan kondens, su wanke abin da ya saura zuwa cikin kwaɓin. Man nan fa ban da girkin da za a buga farin ƙwai a cikinsa, don ɗigon mai yana hana shi tashi.

Wata dabarar ta fi kofi: gwangwanin da kansa ma'auni ne, tunda an rubuta nauyinsa kuma faɗinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa. Ki cire murfin gaba ɗaya, ki tsoma tsinken tsire mai tsabta a tsaye har gindi, ki ga inda madarar ta kai. Rabin wannan tsayin rabin nauyin ne. A gwangwanin 397, rabi giram 198, kashi ɗaya cikin uku 132, kwata 99.

Sanyi ko zafi yana canza nauyinta?

Kaurinta yake canzawa, nauyin kofi kuwa canjin da yake yi bai kai a kula ba. Wadda ta fito daga firji tana da tauri, tana ƙin kwanciya, tana barin ramukan iska a kofi, kuma ta fi mannewa, don haka awon kofi ya fi yin kuskure da ita. Ki tsoma mazubin cikin ruwan ɗumi na minti goma kafin awo.

Gwangwanin da ya daɗe a shago mai zafi, kamar yadda ake fama a Sakkwato ko Maiduguri a bazara, za ki buɗe ki ga madarar ta yi duhu zuwa ruwan ƙasa-ƙasa, ta yi kauri har ba ta zubowa. Zafi ne ya sa sukari da furotin ɗin madarar suka fara haɗuwa. Nauyinta na nan yadda aka rubuta, amma da sikeli za a auna ta. Wani lokaci kuma a ji ta da ɗan yashi-yashi a harshe, wannan sukarin madara ne ya daskare, ɗumi da juyawa suna rage shi. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa har ya huje, ko madarar ta yi tsami ko fumfuna, a zubar.

A wane girki ne giram 20 ko 30 ke da tasiri?

A shayi, kofi, kunun gyaɗa, lemon kankana ko salak ɗin 'ya'yan itace, harshe ne alƙali, a zuba a ɗanɗana.

Askirim ɗin gida da ba a sa shi a inji shi ya fi saurin tona asiri. Awon da aka saba shi ne giram 397 ga kirim ɗin bugawa kofi biyu, kusan rabin lita. Sukari yana hana ruwa daskarewa da wuri. In kondens ta yi yawa, askirim zai kwana a firiza yana nan laɓo-laɓo, musamman inda wuta ke zuwa tana tafiya. In ta yi kaɗan, zai daskare da ƙanƙara-ƙanƙara, cokali ba ya shiga.

A kek, ƙarin kondens ƙarin sukari ne da ruwa lokaci ɗaya. Sama zai yi duhu da wuri tun ciki bai nuna ba, tsakiya ta faɗa bayan an fito da shi, ƙasa ta yi danƙo. Alawar kwakwa da ake gasawa kuma, in ta yi yawa sai ta tsiyaye ta taru a gindi ta ƙone, kwakwar ta baje.

A tofi da alawar da ake dafawa, awo yana da muhimmanci amma wuta ta fi shi. Ana dafawa ne har ruwa ya ragu zuwa wani mataki. Alawa mai laushi da ake yankawa tana so ta kai digiri 112 zuwa 116 a ma'aunin Salshiyas. In ba ma'aunin zafi, ki ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi, in ta dunƙule ta zama ƙwallo mai laushi a yatsa ta yi. In kondens ta fi yadda aka ce, lokacin dahuwa zai ƙaru, wadda ta bi agogo kawai za ta sauke abin da ba zai daskare ba. Wuta kaɗan, tukunya mai kaurin gindi, juyawa ba tsayawa: kondens tana kamun gindi cikin ƙiftawar ido.

Zan iya sa madarar ruwa ko ta gari a madadinta?

Ba kai tsaye ba, sai an haɗa. Mafi sauƙi da madarar gari mai cikakken maiƙo. Don samun giram 400, wato madadin gwangwani ɗaya: madarar gari giram 115, sukari giram 175, tafasasshen ruwa giram 110. Ki narkar da sukarin a ruwan zafin tukuna har ƙwayarsa ta ɓace, sannan ki zuba garin ki markaɗa a bilenda minti ɗaya ko biyu. Da zafinta za ki gan ta tsararo, sai ta huce take kauri, kada ki yi saurin ƙara gari. In ta yi gudaji, an zuba garin ne gaba ɗaya ba a buga da ƙarfi ba, ki tace da rariya.

Da madarar ruwa: giram 430 da sukari giram 175, a dafa a wuta kaɗan ana juyawa har nauyin ya sauko zuwa 400. Da ɗanyar madara: lita ɗaya da sukari giram 200, a ƙone ta har ta koma kusan giram 460, abin da kan ɗauki wajen awa guda ko fiye. A nan sikeli ya fi ido: ki auna tukunyar babu komai ki rubuta, kina dahuwa kina saukewa kina aunawa, da faranti a tsakani don kada zafi ya lalata sikelin. Ta gida ba lallai nauyinta ya zo 1.3 daidai ba, don haka a auna ta da giram, kuma a cinye ta cikin mako guda a firji.

In na ƙara kondens a girkin da babu ita, sukari nawa zan rage?

Kowace giram 100 tana kawo kusan giram 45 na sukarin da aka zuba, da wajen giram 10 na sukarin madara wanda zaƙinsa kaɗan ne, da ruwa giram 27. Ki rage sukari giram 45, ki rage ruwa ko madarar girkin kamar babban cokali biyu. Gwangwanin 397 yana ɗauke da sukari kusan giram 175, saura kaɗan ya cika kofi. Masu ciwon sukari su san da wannan lissafin: babban cokali ɗaya yana da sukari wajen giram 11.

Wadda aka dafa ta koma ruwan ƙasa, nauyinta ɗaya ne?

In a rufe aka dafa ta, ba abin da ya fita, 397 na nan 397. Sai dai ta yi kauri ba ta kwanciya a kofi, don haka da giram ake auna ta. Kamfanonin da ke yin kondens suna gargaɗin kada a dafa gwangwani a rufe, domin in ruwan tukunya ya ƙone ya bar shi a fili yana iya fashewa. Hanyar da ta fi aminci: a juye ta a faranti mai jure zafi, a rufe da foyil sosai, a sa farantin cikin tire mai ruwan zafi zuwa rabinsa, a gasa a oben mai digiri 220 na awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ana ƙara ruwan tiren in ya ja. Wannan takan ɗan rage nauyi saboda tururi da abin da ya manne a faranti, sai a auna bayan ta huce.

Ni mai shayi ne. Kilo guda zai ba ni kofi nawa?

Malam, in cokalinka shafaffe ne mai giram 20, kilo guda cokali 50 ne. In da tozo kake ɗiba, giram 30, bai wuce 33 ba. In kuma huda gwangwani kake yi kana tsiyayawa da ido, gwada wannan sau ɗaya: auna gwangwanin da safe, auna shi da dare, raba abin da ya ragu da yawan kofin da ka sayar. Ka raba kuɗin gwangwani da giram ɗin da ke jikinsa ka san kuɗin giram ɗaya, ka ninka da na kofi guda. Da wannan lissafin ne kuma za ka gane ko babban gwangwani ya fi ƙanana araha, don ba kullum yake fi ba. In kana hudawa, yi huda biyu suna fuskantar juna, ɗaya ta zuba ɗaya ta shigar iska, in ba haka ba madarar za ta riƙa yankewa.

Ragowar fa, yaya zan ajiye ta?

Ki juye ta a kwalba mai murfi, ki rubuta giram ɗin da ya rage da ranar da aka buɗe a jiki, ki sa a firji. Tana kai mako ɗaya zuwa biyu. A firiza tana daɗewa fiye da haka kuma ba ta daskarewa tauri, ana iya ɗiba da cokali. Inda babu wuta, ki sayi ƙaramin gwangwani da zai ƙare a kwana ɗaya ko biyu, ki rufe da kyau, ki ɗora kwalbar cikin faranti mai ruwa saboda tururuwa. Cokali mai jiƙa kada ya shiga ciki, ruwan da ya kwanta a sama nan fumfuna take farawa.

Ana iya dama ta da ruwa a ba jariri?

A'a, ko da an auna ta daidai. In an dama ta yadda zaƙin zai yi daidai, furotin da maiƙon sun yi kaɗan ƙwarai. In an dama ta da kauri, sukarin ya fi ƙarfin cikin jariri. Ba madadin nonon uwa ba ce, ba kuma madadin madarar jarirai ba.